Darasi na Tara: Rigar Nono ga Mace Mai Gajeriyar Gangar Jiki

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗaliba ta iya:

1. auna jikinta da tef, ta rubuta awon a takarda;
2. karanta lamba da harafin da ke jikin rigar nono, ko daga wace ƙasa ta fito;
3. gane ko gangar jikinta gajeriya ce, ta kuma san irin rigar da ta dace da ita;
4. bambanta ciwon da riga ke jawowa da alamar da ke buƙatar zuwa asibiti.

Ga malama: wannan darasi na ajin mata ne zalla. A tanadi tef ɗin tela, da zare mai kauri, da almakashi, da kwali, da rigunan nono masu yanka daban-daban. Kowace ɗaliba a gida za ta auna kanta. Kada a sa kowa ta faɗi awonta a gaban aji.

1. Inda matsalar take

A Shika da Samaru da ke ƙasar Zazzau, da wuya mace ta gwada rigar nono kafin ta zama tata. Amarya takan tarar da nata a cikin akwatin lefe, waɗanda dangin ango suka sayo a kasuwar Sabon Gari ko a Kano, da kintace kawai. In lefe ya ƙare sai a koma kasuwa. Can ma a tsaye ake ciniki, sau da yawa mai kayan namiji ne, ga mutane suna wucewa. Sai mace ta ɗaga rigar ta dube ta da ido, ta biya, a ƙunshe mata a leda. Kunya ta hana tambaya, balle gwaji.

Abin da ke biyo baya kowa ta san shi. Hannun riga yana zamewa daga kafaɗa a ƙarƙashin hijabi, inda ba damar gyarawa a cikin mutane. Ƙarfe yana sukar hammata. Maɗauri yana naɗewa a kan ciki da zarar an zauna. Malamar jinya da ta wuni a tsaye a asibitin Shika, da mai tuyar ƙosai a bakin titin Samaru, da ɗalibar jami'a, duk rigar nan suke fara cirewa in sun shiga ɗaki.

Mata da yawa sukan ce jikinsu ne ba ya karɓar rigar nono. Jiki ba shi da laifi. Kamfanin da ya ɗinka rigar abu biyu kawai ya rubuta a jikinta: lamba da harafi, misali 36C. Duka biyun awon zagaye ne, wato faɗin jiki. Akwai awo na uku wanda ba a rubutawa, shi ne tsayi: nisan da ke tsakanin kafaɗa da nono, da tsakanin nono da ƙugu. Kamfani yakan yanka rigarsa a kan matsakaicin tsayi. Macen da nata tsayin bai kai haka ba, ko ta dace da lamba da harafi, rigar za ta dame ta. Tunda ba a rubuta mata wannan awo ba, ita ce za ta ɗauke shi da hannunta ta tafi da shi kasuwa.

2. Rigar da sassanta

Kakanninmu ɗaurin ƙirji suke yi da zani, kowace ta ɗaura daidai jikinta. Rigar nono ta zamani daga Turai da Amurka ta zo. A 1889 wata mai ɗinki a Faransa, Herminie Cadolle, ta raba matsattsiyar rigar cikin da matan Turai ke sawa gida biyu, sashen sama ya zama mai riƙe nono. A 1914 wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi rajistar tata ƙirar mai laushi. Haruffan A, B, C da D kuwa kamfanonin Amurka ne suka fara amfani da su a shekarun 1930, domin su ɗinka dubbai a masana'anta ba tare da sun ga mai sawa ba. Daga nan aka rabu da ɗinkin mutum ɗaya, aka koma ɗinkin kowa da kowa.

Ga sassan rigar, a dube su a jikin wadda malama ta kawo:

Maɗauri: sashen da ya zagaye ƙirji ya haɗu a baya. Shi ke ɗauke da mafi yawan nauyi.
Kofi: mazaunin nono. Akwai mai soso, akwai marar soso.
Hannu: igiyar da ta bi ta kafaɗa. Aikinsa daidaita kofi ne, ba ɗaukar kaya ba.
Zobe: ɗan ƙarfe ko roba da ake ja a rage tsawon hannu ko a ƙara.
Tsakiya: ɗan ƙyallen da ya haɗa kofuna biyu a kan ƙashin ƙirji.
Gefe: sashen maɗauri da ke ƙarƙashin hammata.
Ƙarfe: lanƙwasasshiyar waya da ke ƙasan kofi a wasu riguna.
Ƙugiya: maƙalar baya, wadda takan zo layi biyu ko uku.

Nono ba shi da tsokar da za ta riƙe shi. Kitse ne, da hanyoyin ruwan nono, da siraran jijiyoyi, sai fata. Shi ya sa mai cikar ƙirji take jin nauyi a wuya da kafaɗa idan maɗauri ya saki, aiki ya koma kan hannu.

3. Wace ce mai gajeriyar gangar jiki?

Gangar jiki a nan ita ce daga kafaɗa zuwa ƙugu. Gajartarta daban, gajartar mutum daban. Akwai doguwar mace wadda tsawonta duk a ƙafa yake, ƙugunta yana kusa da ƙirji. Akwai kuma gajeriyar mace mai dogon baya. Kowa haƙarƙari goma sha biyu gare shi a kowane gefe, amma tazarar da ke tsakanin na ƙarshe da ƙashin ƙugu ba ɗaya ba ce. Wata tana da fili mai yawa a wurin, wata kuwa yatsa biyu ne da kyar. Halitta ce, galibi ta gado, ba cuta ba.

Ga hanya mai sauƙi ta ganewa. Ki miƙe tsaye, ki karkata gefe ɗaya. Inda jiki ya lanƙwashe nan ne ƙugunki na ainihi. Sai ki ɗora tafin hannu ɗaya a kwance a ƙarƙashin nono, ki ɗora na biyu a ƙasansa. Idan kin wuce ƙugu tun kafin hannu na biyu ya ƙare, gangar jikinki ta fi kusa da gajeriya. Wannan kintace ne, tef ne zai tabbatar. Wasu alamun su ne:

- kin ja zobe har ƙarshe, amma hannu bai daina zamewa ba;
- gefen riga ko bakin ƙarfe yana taɓa hammata in kin sauke hannu;
- bakin kofi yana hawa har kusa da ƙashin wuya, yana leƙowa ta wuyan riga;
- ɗaurin zani ko bakin siket yana haɗuwa da maɗauri.

Wannan awo yana canzawa. Mai juna biyu, in cikin ya tsufa, yakan cike filin da ke ƙasan nono, haƙarƙari kuma ya buɗe. Tsufa ma yana rage tsawon baya kaɗan-kaɗan. Don haka rigar da ta yi wa mace daidai tana amarya ba lalle ta yi mata ba bayan haihuwa uku.

4. Yadda ake awo

Ki sami tef ɗin tela. Fuska ɗaya inci ce, ɗayar santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Fuskar inci za mu yi aiki da ita. Ki sa shimi marar kauri ko rigar nono marar soso, ki nemi ƙanwa ko 'ya ta taimaka miki da baya.

Awo na ɗaya, ƙasan nono. Ki zagaya tef a kan haƙarƙari, daidai inda nono ya tsaya. Tef ya kama jiki sosai, ya tafi a miƙe, kada bayansa ya hau sama. Ki saki numfashi, sannan a karanta. Lambobin maɗauri bibbiyu suke tafiya: 32, 34, 36, 38, 40. In kin sami 34, lambarki 34. In kin sami 35, fara gwada 36. Za ki ji wasu suna cewa a ƙara 4 a kan awon. Hanya ce ta zamanin da yadin riga ba ya miƙewa sosai; a rigunan yanzu masu roba, ƙarin yakan sa maɗauri ya yi yawa.

Awo na biyu, inda nono ya fi cika. A nan kada tef ya matse, ya kwanta kawai. Sai ki ɗebe lambar maɗauri daga wannan awo. Abin da ya saura shi zai ba ki harafi:

inci 1: A
inci 2: B
inci 3: C
inci 4: D
inci 5: DD
inci 6: E

Wannan jerin na Ingila ne. Daga D zuwa sama, ƙasashe da kamfanoni sun sha bamban. Misali: wata mata ta sami 34 a ƙasan nono, 37 a sama. 37 a ɗebe 34 saura 3. Rigarta 34C ke nan.

A lura, harafi ba ya tsayawa shi kaɗai. Kofin 34C bai kai na 38C girma ba. Kofin 36C, da na 34D, da na 38B kusan abu ɗaya suke ɗauka. Ƙa'idar ita ce: in kin rage lamba, ki ƙara harafi, in kin ƙara lamba, ki rage harafi. Wadda 36C ta yi wa daidai a kofi amma ta yi mata yawa a baya, 34D za ta nema, ba 34C ba.

Kayan da ke Sabon Gari daga wurare da yawa suke zuwa: sababbi galibi daga China da Turkiyya, gwanjo kuwa daga Ingila, da Amurka, da sauran ƙasashen Turai. Kowa da irin lambarsa:

Ingila da Amurka: 32, 34, 36, 38, 40
Jamus da mafi yawan Turai: 70, 75, 80, 85, 90
Faransa: 85, 90, 95, 100, 105

A karanta daga sama zuwa ƙasa: 34 ita ce 75, ita ce kuma 90 ta Faransa. Ga tarko a nan. Lambar 90 a rigar Faransa 34 ce, amma a rigar Jamus 40 ce. Ki duba haruffan da ke kusa da lambar: UK na Ingila, EU na Turai, FR na Faransa. Rigunan China sukan haɗa biyu, kamar 36/80, kuma sau da yawa yankansu ya fi na Ingila ƙanƙanta.

Awo na uku, tsayi. A wuri uku ake ɗaukarsa.

Na ƙasa: ki zauna a kujera yadda kika saba zama, ki auna daga ƙasan nono zuwa inda ciki ya lanƙwashe. Faɗin maɗaurin da ke ƙasan kofi kada ya kai wannan.

Na gefe: ki sauke hannu, a auna daga layin maɗauri zuwa sama, a tsaya saura yatsa biyu a kai hammata. Gefen riga da bakin ƙarfe kada su wuce nan.

Na kafaɗa: ki ɗora bakin zare a ƙasan nono, ki ɗaga nonon zuwa inda kike so ya zauna, zaren ya bi ta kansa, ya haye kafaɗa, ya sauka baya zuwa layin maɗauri. A yanke zaren a nan. A kasuwa sai ki shimfiɗa shi a jikin riga, daga ƙasan kofi zuwa inda hannu ya haɗu da baya. Idan an ja zobe har ƙarshe amma rigar ta fi zaren tsawo, ba taki ba ce sai an kai ta wurin tela.

Ki rubuta duk wannan a ɗan kwali, ki naɗe zaren a jikinsa, ki ajiye a jaka. Da wannan kati ba sai kin yi wa mai kaya dogon bayani ba: ki faɗi lamba, ki auna da kanki. Ko aike za ki yi, katin ya isa saƙo.

5. Abin da za ki nema, da abin da za ki bari

Hannu: ki nemi wanda zobensa ke tafiya tun daga baya har gaba. Akwai rigunan da rabin hannunsu leshi ne ko yadi mai faɗi, zobe ba ya iya wuce shi. Waɗannan ba sa raguwa yadda kike so. Hannun da aka dasa kusa da tsakiyar baya ya fi zama a kafaɗa. Mai gicciye a baya ma yana maganin zamewa.

Kofi: rabin kofi, ko wanda ya gangaro ta tsakiya, ya fi dacewa da gajeren ƙirji a kan mai rufe nono gaba ɗaya, wanda yakan hau har wuya ya bar iska a sama. Kofin soso da aka gasa a inji yana da siffarsa, ba ya bin taki. Kofin da aka ɗinka da yanki biyu ko uku ya fi bin jiki, musamman ga mai cikar ƙirji.

Gefe da ƙarfe: ki gwada su da awon gefe. Gajeren ƙarfe kike so, wanda ya zagaye nono ya kwanta a kan haƙarƙari, ba a kan naman nono ba. In ba ki sami haka ba, marar ƙarfe mai kyakkyawan maɗauri ta fi mai ƙarfen da ke suka.

Maɗauri: doguwar riga mai saukowa har ciki, wadda ake saya don ɗame tumbi ranar biki, ita ce ta fi wahalar da mai gajeriyar gangar jiki. Ba ta da filin zama, dole ta naɗe. Siririn maɗauri a gaba, mai ɗan faɗi a baya, shi ne naki.

Gwanjo: tsohuwar lamba ba abin dogaro ba ce, domin roba ta riga ta sha aiki. Ki ja maɗaurin a kan tef. In ya kai awonki sai da kika ja shi sosai, kuma ya koma da kika saki, da sauran ƙarfinsa. In ya kai ba tare da ja ba, ya mutu. Araha ba ta ado.

Hanyar da ta fi duka ita ce gwaji a gida. Dillaliya da ke kawo kaya har ɗaki, ko shagon mace 'yar'uwarki mai labule, sun fi tebur a tsakiyar kasuwa. In a kasuwar ne, ki yi sharaɗin canji tun kafin ki biya, kada kuma ki cire takardar jikin rigar.

6. Karatu: a shagon tela

A raba aji biyu, a karanta wannan hira da murya.

Mai kawo gyara: Salamu alaikum. Anti, sannu da aiki.

Tela: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, ya gida, ya yara? Shigo daga ciki.

Mai kawo gyara: Lafiya lau. Anti, wani ɗan gyara na kawo, kunya ma nake ji. Bireziyoyin lefena ne, har yau wasu ban taɓa sawa ba. Duk wadda na sa, sai hannun ya yi ta faɗuwa.

Tela: Kunyar me, mu da muke mata? Saki labulen nan. Sa wannan in gani. To, ɗaga hannunki sama. Kin ga bayan bai motsa ba, maɗaurin lafiyarsa ƙalau. Hannun ne ya yi miki tsawo, ke ƙirjinki a sama yake.

Mai kawo gyara: Ni da ƙulli nake yi masa.

Tela: Shi ya sa ya yi miki shaida a kafaɗa. Zan farke shi ta baya, in yanke inci biyu, in mayar, in ɗan matso da shi tsakiya. Zoben zai dawo da sauran wurin ja.

Mai kawo gyara: Wannan mai ƙarfen fa? Ita ce ke cin hammatata.

Tela: Wannan kam ƙarfenta ya fi ki tsawo, kuma ba a yanke shi, bakinsa zai huda yadi ya ji miki. Sai dai in zare shi duka, amma ki sani kofin zai ɗan kwanta, ta zama ta zaman gida. Waccan doguwar kuwa ki ba yayarki, ita ce mai dogon baya.

Mai kawo gyara: To Anti. Ga atamfar Sallah ma na zo da ita.

Tela: Bari sai na gama gyaran, ki sa wadda za ki sa ranar, sannan in auna ki. In na auna ki a kan wata, kika sa wata, ɗinkin ƙirjin ba zai zauna ba, ki ce Anti ta ɓata miki kaya.

Mai kawo gyara: Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa.

Tela: Amin, ƙanwata. Ki gaida mutanen gida.

7. Gwaji kafin a ce ta yi

Sabuwar riga a ƙugiyar waje ake fara maƙala ta, domin in roba ta saki a matsa ciki. Ki sunkuya, ki tattaro nono daga gefe zuwa cikin kofi, ki miƙe, sannan ki duba:

1. Maɗauri ya tafi a miƙe daga gaba har baya, yatsa biyu suna shiga ƙarƙashinsa, ba fiye ba.
2. Nono bai tumbatso ta sama ko ta gefe ba, kofi kuma bai yamutse ba. In ɗaya ya fi ɗaya girma, wanda haka yake ga mata da yawa, a bi babban.
3. A mai ƙarfe, tsakiya ta kwanta a kan ƙashin ƙirji.
4. Hannu bai nutse cikin kafaɗa ba, bai kuma zame ba.

Gwajin tsaye kaɗai bai isa ba, domin matsalar gajeriyar gangar jiki a zaune take fitowa. Ki zauna a kujera 'yar tsuguno. Ki duƙa kamar mai shara. Ki yi ruku'u da zaman tahiya. Ki ɗaga hannu biyu ki sauke kamar mai daka. Rigar da ta zauna wuri ɗaya a duk wannan, za ta kai ki Sabon Gari a keke ta dawo da ke ba ki tuna da ita ba.

8. Lafiya

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a ƙasar Zazzau, gumi yakan taru a ƙarƙashin nono. In fata ta daɗe a jiƙe tana gogar fata, sai ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule. Mai ciwon suga ta fi fuskantar wannan. A wanke wurin kullum, a tsane shi sosai, a sa rigar auduga ko mai shafin auduga a ciki. Kuɗi da waya a nema musu jaka, kada a cusa su cikin rigar. In wurin bai warke ba, a je asibiti, kada a shafa man haɗi.

Mai shayarwa ta guji matsattsiyar riga da ƙarfen da ke danna nono, domin matsi yana iya toshe hanyar ruwa, nono ya yi tauri ya kumbura. In zazzaɓi ya biyo baya, a ga ma'aikaciyar lafiya a ranar.

Ana yaɗa cewa rigar nono, musamman mai ƙarfe ko baƙa, tana kawo sankara. Babu hujjar haka. A 2014 masu bincike a cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle a Amurka sun yi nazari a kan mata kimanin 1,500, masu cutar da marasa ita, ba su ga wata alaƙa tsakanin sa rigar da kamuwa da sankara ba. Haɗarin da ke akwai na daban ne: mace ta ji wani abu a nononta ta ce ai ƙarfe ne, ta yi watanni tana canza riga. Shaidar da riga ta yi takan ɓace bayan an cire ta. Amma waɗannan ba aikin riga ba ne:

- ƙullutu a nono ko a hammata wanda bai tafi ba, ko da ba ya ciwo;
- kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba;
- jini ko wani ruwa yana fita ba a shayarwa;
- fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemu;
- gyambon da ya ƙi warkewa.

Mafi yawan ƙullutu ba sankara ba ne, amma likita ne kaɗai zai tantance. Mutanen Shika sun yi sa'a: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ake zuwa daga jihohi masu nisa saboda sashensa na masu cutar daji, a ƙofar gidansu yake. Zuwa da wuri shi ke sa magani ya yi aiki.

9. Wanki da ajiya

Zafi ne ke kashe roba. A wanke da hannu, da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi. Kada a murɗe, kada a sa dutsen guga. A shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Masu ɓoye ta a banɗaki ko ƙarƙashin wasu kaya saboda kunya, musamman da damina, sukan sa ta da danshi, daga nan ƙaiƙayi ke farawa. A rufa mata siririn gyale a kan igiya ya wadatar. Ta gwanjo kuwa, a jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu, a wanke sosai, ta bushe ƙarau kafin sawar farko. Biyu ko uku masu kyau da ake juyawa sun fi dozin da ba a iya sawa.

Tambayoyi

1. Wane awo ne kamfani ke rubutawa a jikin riga, wane ne ba ya rubutawa?
2. Wane sashe ne ke ɗauke da mafi yawan nauyi?
3. Kawo alamu uku na gajeriyar gangar jiki.
4. Me ya sa tela ta ƙi yanke ƙarfe?
5. Faɗi alamu uku da ba a jira da su, sai asibiti.

Lissafi

1. Awon ƙasa 36, na sama 40. Wace lamba da harafi?
2. Awon ƙasa 38, na sama 40. Wace lamba da harafi?
3. An rubuta FR 95 a jikin riga. Nawa ke nan a lambar Ingila?
4. Kofin 38C ya yi daidai, amma maɗauri ya yi yawa. Wace za a nema?
5. Zaren kafaɗa inci 24 ne, riga kuwa inci 27 bayan an ja zobe har ƙarshe. In ana so a bar inci 1 na wurin ja, inci nawa tela za ta yanke?

Aikin gida

Ki yi katin awonki da rubutun hannunki, ki yanke zaren kafaɗa. Ki fito da rigunan nonon da kike da su, ki karanta lambar kowace, ki gwada ta da katin, ki kasa su kashi uku: masu kyau, masu zuwa wurin tela, da waɗanda za a bayar. A mako mai zuwa za mu koyi rage hannu da zare da allura, don haka kowa ta zo da guda ɗaya daga kashi na biyu.